Sun Ba Malam Na Ɗaya

Shekara ashirin da bakwai ke nan Anti Tafireta tana zaune a bayan teburi guda, a ofishin Sashen Horar da Malamai na kwalejin. Tafiretar da aka laƙaba mata sunanta an daɗe da jefa ta a sito, tana can ƙarƙashin karyayyun kujeru, amma sunan ya ƙi sakinta. Da shi ɗalibai suka san ta, da shi masu shara ke kiranta, har mijinta, tsohon direban motar asibiti, in ya so tsokana da shi yake farawa.

Ta shiga aikin tana da shekara ashirin da biyu, da takardar sakandare da ta koyon buga takardu ta wata tara. A lokacin har daga baranda ake jin yatsunta. Yanzu da safe sai ta rungumi kofin shayi mai zafi kafin su yarda su lanƙwasu. Ta canza tabarau sau huɗu. 'Ya'ya biyar ta haifa tana wannan kujera, kuma duk lokacin da ta gama hutun haihuwa ta koma ta tarar da aikinta a jibge, ba wanda ya taɓa mata ko shafi ɗaya. Shugabannin sashe bakwai sun zo sun wuce a kanta, kowanne da sabon tsarinsa, kowanne yana cewa na baya bai san aiki ba, kuma ita ce dai mai buga takardar yau da ke soke ta jiya. Ɗakin taga ɗaya gare shi, da fanka mai kuka, da durowar ƙarfe da sai an tokare ta da gwiwa take buɗewa. A lungu kuma ga injin fotokwafi, tsoho tukuf, mai cinye saman takarda in ya ga dama. Sau biyar ta rubuta a gyara shi. Sau biyar aka ce mata ana dubawa.

Shekara uku da suka wuce aka kawo musu takardar jin ra'ayin ɗalibai. Wai a ƙarshen kowane zango ɗalibi zai auna malaminsa: yana zuwa aji a kan lokaci, ana gane bayaninsa, yana amsa tambaya, da sauransu har goma sha biyu. Gaban kowace tambaya akwai gidaje biyar, ɗaya zuwa biyar, mutum ya zagaye wanda ya ga dama. A can sama, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa biyar ita ce mafi kyau, ɗaya kuma mafi muni. A can ƙasa an bar fili, wai in kana da abin cewa ka rubuta.

Wanda ya ƙirƙiro abin, ko ma wane ne, bai taɓa zama ya shigar da takarda dubu biyu a kwamfuta da yatsa mai ciwo ba. Anti ke yin kwafin, ita ke rabawa, ita ke tattarawa, ita ke shigarwa. Lamba kawai kwamfutar ke karɓa. Abin da ɗalibi ya ɓata lokacinsa ya rubuta a ƙasa ba shi da gurbi, sai a ɗaure takardun da igiya a tura durowa. Daga baya kuma aka ƙara doka: duk malamin kwantiragi da makinsa ya gaza uku, ba za a sabunta masa ba.

Malam A-Sake malamin kwantiragi ne, shekara goma sha ɗaya ana sabunta masa ɗai-ɗai. Dabarun koyar da lissafi yake koyarwa, kuma ajinsa 'yan Asabar da Lahadi ne, wato malaman firamare da suka dawo ƙaro karatu, masu aure da 'ya'ya, wasu da furfura. Siririn mutum ne, hannun rigarsa kullum fari da alli. In aka kai masa aiki bai gamsu ba, ba ya faɗa, ba ya zagi, sai ya rubuta "a sake" da jan biro ya miƙo maka. Watan farko tsine masa suke yi a ɓoye. Kafin zango ya ƙare kuma sai ka gan su suna bin sa har bakin ƙofar kwaleji da littattafai a buɗe. Wannan ne zangon farko da aka sa 'yan Asabar da Lahadi cikin masu cika takardar.

Ranar Talata Anti ta ɗauko ƙunshin ajinsa, takarda ɗari da huɗu, ta fara. Ɗaya, ɗaya, ɗaya. Ta ajiye ta ɗauki ta gaba. Ɗaya, ɗaya, biyu, ɗaya. Ta ja tsaki. A ranta ta ce, ka ga butulci, mutumin da ko ranar da aka kwantar da matarsa a asibiti sai da ya zo ya yi musu darasi. Ta ci gaba, ranta a ɓace, ba ta kallon komai sai lambobi, kamar yadda aikin ya koya mata. Ta wuce sittin kafin ta tsaya goge tabarau, da ta mayar sai idonta ya faɗa a ƙasan takardar da ke hannunta.

"Malam ba shi da na biyu. Allah ya ƙara masa lafiya."

Ta duba sama. Ɗaya ce tun daga tambayar farko har ta ƙarshe. Ta jawo wata daga waɗanda ta gama. "Shekara goma ina koyar da raba lamba, ban gane ta ba sai a hannunsa." Ita ma ɗaya ce zalla. Ta jawo ta uku. "Na ɗaya a komai."

Sai ta ɗaga takardar zuwa hasken taga. Layin nan na sama mai cewa biyar ce mafi kyau babu shi. Injin ya cinye shi, ya bar ɗan toka-toka kamar sawun tururuwa. Ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya, duk haka suke. Ita ta yi kwafin da hannunta, ranar wata Juma'a da take sauri ta je ta karɓo maganin hawan jinin maigida kafin a rufe.

Ta tashi da ƙyar ta haye bene zuwa Ofishin Kula da Inganci. Jami'in da ke wurin, mai ɗan gemu da agogo mai walƙiya, ya saurare ta idonsa a kan kwamfuta.

"Anti, abin da ke kan takarda shi ne sakamako. Ba ma fassara zuciyar ɗalibi."

"Ba zuciyarsu na ce ka fassara ba, ɗana. Rubutunsu na ce ka karanta. Ga shi nan da baƙi da fari."

"Wannan ba ya cikin abin da muke aunawa. In akwai ƙorafi, shugaban sashe ya rubuto. Ke dai ki ƙarasa shigarwa, ranar Alhamis za a rufe."

Ta sauko ta ƙarasa. Me za ta yi? Makin Malam ya fito ɗaya da ɗigo uku.

Ranar Asabar ba ranar aikinta ba ce, amma ta shiga motar haya ta zo. Ta tare shugabar ajin a baranda, wata ƙaƙƙarfar mace da ake kira Maman 'Yan Biyu, mai koyar da 'yan aji uku a wata firamare.

"Zo nan. Nawa kuka ba Malam A-Sake?"

"Ɗaya mana, Anti. Ai sai da muka yi shawara. Na ce duk wanda ya ba shi biyu ni da shi ne."

"To kun kashe shi. Biyar ce mai kyau. Ɗaya ita ce ta banza."

Maman 'Yan Biyu ta saki baki, sannan ta fashe da dariya, ta ɗauka wasa ne.

"Haba Anti, ke ma dai! A ina aka taɓa jin na biyar ya fi na ɗaya? Ni da nake cika katin sakamakon yara hamsin duk zango? In ɗanki ya zo na biyar kaza kike yanka masa?"

"Ba da wasa nake ba. Za a iya sallamarsa a kan wannan."

Dariyar ta tsaya cak. Matar ta dafe ƙirji, ta juya ta ƙwalla wa na cikin aji kira, nan da nan aka kewaye su. Wani dattijo mai hula a karkace ya ce shi ya so ma ya rubuta "na ɗaya da tauraro", gurbi ne bai samu ba. Wata ta fara sharar hawaye. Ana cikin hayaniyar wani abu ya faɗo wa Anti a rai.

"Tsaya. Dakta fa? Shi ma yana da darasi da ku. Nawa kuka ba shi?"

"Biyar," in ji Maman 'Yan Biyu. "Da akwai shida da ita muka ba shi. Sau biyu muka ga fuskarsa duk zangon, na biyun ma ya leƙo ne ya ce yana da taro."

Dakta shi ne shugaban sashe. Makon da ya wuce Anti ta shigar da nasa ƙunshin, biyar, biyar, biyar, ba ta kalli ƙasa ba. Ita ta buga sanarwar da ke manne a allon baranda, daidai bayan kan Maman 'Yan Biyu, mai taya Dakta murnar zama malamin da ɗalibai suka fi yabawa a duk kwalejin.

Ranar Litinin ta shiga ofishinsa da takardu goma a hannu. Dakta ba mugun mutum ba ne a yadda aka saba cewa mugu. Yana gaisuwa, yana tambayar yara, ya je jana'izar mahaifiyarta. Mutum ne dai da taro ya cinye, kuma yana jiran ƙarin girma a bana. Ya karanta takardun yana girgiza kai.

"Subhanallahi. Wannan ai zalunci ne. Zauna, Anti, mu rubuta musu yanzu." Ya jawo biro. "Darasin Malam kaɗai abin ya shafa ko?"

Da ta iya ƙarya, da nan ne wurin yin ta. Ba ta iya ba.

"Duk darussan ajin ne, ranka ya daɗe. Kwafi ɗaya na yi musu."

"Duka?"

"Duka."

Ya ajiye biron a hankali. Ya kalli taga, ya kalli agogo, ya gyara zaman wata takarda da ba ta karkace ba.

"Wa ya yi kwafin, Anti?"

"Ni."

"To kin gani. In muka ɗaga maganar nan, kanki za ta faɗo. Ni ke nake ji."

"Ta faɗo. Sau biyar na rubuta a gyara injin nan, kofen wasiƙun na nan a durowa. Ni ba kaina na zo nema wa mafita ba, ranka ya daɗe. Mutum ne zai rasa aikinsa don ɗalibansa sun so shi."

"Na ji. Bar min su, zan kai gaban kwamiti."

Ta san wannan "zan kai". Shekara ashirin da bakwai tana jin ta.

A gida ta zauna a bakin gado tana murza gwiwa da man zafi, ta ba maigida labari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Tafireta, shekara takwas ta rage miki ki huta. Ke ce shugaban kwaleji? Ke ce kwamiti?"

"Ni ce na danna injin."

"Injin ne ya ci, ba ke ba."

"In ka buge mutum da motar asibiti, cewa kake yi mota ce ta buge shi?"

Ya miƙa hannu ya karɓi man, ya ce ta kawo ɗayar gwiwar.

Washegari ta buga wasiƙa da sunanta zuwa Ofishin Inganci. Ba ta yi kwana-kwana ba: ni na yi kwafi, layin sama bai fito ba, ɗalibai sun ɗauki ɗaya a matsayin na ɗaya, a juya makin ajin ko a sake rabon takardar. Bayan kwana tara wasiƙar ta dawo mata da rubutu a gefe, wai a biyo da ita ta hannun shugaban sashe. Ta biyo da ita. Ta kwana goma sha biyu a tiren takardu na teburin Dakta, Anti na ganinta duk lokacin da ta shiga kai wata takardar, har ƙura ta fara hawa kanta.

'Yan ajin ma ba su zauna ba. Sun zo su kusan talatin wata Asabar, suka tarar da ofisoshin manya a kulle, don manya ba sa zuwa Asabar, su kuma ba su da wata ranar. Suka rubuta takarda, mutum tamanin da bakwai suka sa hannu, Maman 'Yan Biyu ta nemi izini a makarantarsu ta kawo da kanta ranar Laraba, tana huci.

Kwamiti ya zauna a ƙarshen wata. Anti ce ta buga abin da suka yanke, don haka ta riga kowa sani. Wai tunda ba a rubuta suna a takardar jin ra'ayi, ba yadda za a tabbatar masu sa hannun nan su ne suka cika ta. Wai in aka sake rabawa, ɗalibai sun riga sun san abin da ake so su zaɓa, sakamakon ba zai zama sahihi ba. Wai in aka juya wa aji ɗaya, kowane malami da ya faɗi zai zo da nasa labarin. Don haka sakamakon bana ya tsaya yadda yake. Daga baɗi za a rubuta ma'anar kowace lamba a gabanta. An kuma amince a ba mai buga takardu ta sashen gargaɗi a rubuce saboda sakaci.

Mutum tara ne a kwamitin nan, duk masu digiri a kan digiri. Ba wanda ya ce a ɗauko ƙunshin a karanta. Ba wanda ya ce a kira ɗalibi ko ɗaya a tambaye shi. Suka sha ruwan roba, suka sa hannu, suka tashi.

Ta buga takardar gargaɗinta da kanta, ta kai aka sa hannu, ta karɓa, ta sa a fayil ɗinta. Ita wannan ba ta dame ta ba. Ta biyun ce ta tsaya mata a wuya. Layi huɗu ce kacal: ana gode wa Malam bisa hidimarsa, ana sanar da shi kwantiraginsa ba za a sabunta ba. Ta yi minti arba'in a kanta. Masinja ya zo zai kai, ta ce ya bari.

Ta same shi a ɗakin malaman kwantiragi, inda mutum huɗu ke raba teburi biyu. Shi kaɗai ne, yana duba aikin ɗalibai. Ya ɗago ya gan ta da ambulan.

"Ƙanwata, yau da kanki? To ba lafiya ba."

Ya buɗe ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun gaba. Ya riga ya ji ƙishin-ƙishin, ɗalibansa ba masu riƙe magana ba ne.

"Malam, ni na jawo maka. Da na duba kwafin nan..."

"Ke kika ce musu su zagaye ɗaya?"

"A'a."

"To. Ni ne malamin lissafinsu. Wata huɗu ina koya musu cewa biyar ta fi ɗaya, ashe ba su yarda ba." Ya yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba ta koma tari. Ya juya jan biron a hannu. "An ce sun yi rubutu a ƙasa."

"Sun yi."

"Ba a yarda malami ya gani ba ko?"

"Ba a yarda ba. Wai kar ya gane rubutun wani ya riƙe shi a rai."

"Haka ne. Doka ce."

Anti ta tsaya tana kallon ƙeyarsa da furfura ta cinye. Sannan ta ce, "Taso."

Ta kai shi ofishinta, ta tokare durowar da gwiwar da ke mata ciwo, ta ciro ƙunshin ta kwance igiyar. Ta zaunar da shi a kujerarta, ita kuma ta jawo benci ta zauna a bakin ƙofa. Malamai biyu suka zo neman takarda, ta ce su dawo gobe. Masinjan Dakta ya zo, ta ce ya ce tana da aiki.

Malam ya karanta su ɗai-ɗai, ba sauri. Wani lokaci leɓensa na motsi. "Wannan dattijon nan ne mai karkatacciyar hula," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Har yanzu yana cinye wasali." Can kuma, "Wannan Maman 'Yan Biyu ce. Ji yadda take danna biro kamar tana faɗa da takardar." Ya kai kan wata, ya daɗe a kanta, ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Akwai guda uku da suka ba shi biyar, suka rubuta cewa ya cika takura. Su ma ya karanta, ya gyaɗa kai ya ce suna da gaskiya.

Sai da ya kai ta ɗari da huɗu. Ya daidaita gefunansu a kan teburi, ya ɗaure igiyar da kansa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na gode, ƙanwata. Makullin durowata wa zan ba?"

"Kawo nan."

"Akwai aikin mutum goma sha tara da ban gama dubawa ba. Zan tafi da su gida, ranar Asabar in aiko. Ki ce musu kowa ya karanta gyaran da na yi masa, kar ya duba maki kawai."

"Yanzu ina za ka nufa, Malam?"

"Gida tukuna. Matata ta daɗe tana cewa ba ta san kalar Asabar da ni ba."

Ta raka shi har bakin baranda. Ya sauka matakala yana riƙe da ƙarfen gefe, takardun a hammata, bai waiwayo ba.

Ta dawo ta zauna. Kujerar da ɗuminsa. A tire akwai jadawalin zango mai zuwa da Dakta ya aiko tun safe, yana son sa kafin a tashi. Ta murza yatsunta, ta fara. Litinin, Talata, har ta gangaro Asabar, ƙarfe takwas zuwa goma, Dabarun Koyar da Lissafi. Gurbin sunan malami a buɗe yake, Dakta bai rubuta komai ba. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buga "za a sanar", ta wuce layi na gaba.